ZIYARAR WURAREN TARIHIN SHEHU: Dukiyar Da Ke Kwance A Mafara Da Bakura Da Maradun

Duk wanda ya saba bin hanyar mota daga Gusau zuwa Sakkwato ya san Talatar Mafara, domin kuwa a nan ne direbobi kan yada zango, fasinjoji su yi salla, su ci abinci, a duba lafiyar mota, sa'an nan a ɗauki hanya. Da yawa daga cikin waɗannan matafiya Hubbaren Shehu Usmanu Ɗanfodiyo suka nufa don ziyara. Amma kaɗan ne daga cikinsu suka san cewa ƙasar da suke ratsawa cikin gaggawa, watau ƙasar Mafara da Bakura da Maradun, Shehun da za su ziyarta ya zauna a cikinta, ya yi wa'azi, ya karantar, tun kafin a san za a kafa birnin Sakkwato.

A wasu ƙasashen Musulmi irin wannan tarihi ya zama hanyar ilmi da kuma hanyar abinci ga dubban talakawa. Masana harkokin kasuwanci sun daɗe suna bincike a kan yadda ake tsara ziyarar Musulmi matafiya ta zama sana'a mai ɗorewa. Tambayar da ke gabanmu ita ce: me wannan bincike zai koya wa waɗannan ƙananan hukumomi uku na Jihar Zamfara, musamman a wannan zamani da tsoro ya hana mutum zuwa gonarsa, balle yawon ziyara?

ABIN DA TARIHI YA AJIYE

An haifi Shehu Usmanu a Maratta a shekarar 1754, ya kuma fara wa'azi yana ɗan shekara ashirin. Ƙanensa Malam Abdullahi ya bayyana a cikin littafinsa Tazyinul Waraƙati cewa sun yi kimanin shekara 5 a ƙasar Zamfara suna kiran jama'a zuwa ga addini. Ɗaya daga cikin garuruwan da suka zauna shi ne Faru, wanda a yau yake cikin Ƙaramar Hukumar Maradun. A cikin wannan lokaci ne, wajen shekarar 1788, Sarkin Gobir Bawa Jangwarzo ya tara malamai a Magami ranar Babbar Salla, ya raba musu kyauta. Shehu ya ƙi karɓar zinariyar da aka ba shi, maimakon haka sai ya roƙi abubuwa biyar: a bar shi ya yi wa'azi, kada a hana kowa amsa kiransa, a girmama duk mai rawani, a saki fursunoni, a kuma sassauta wa talakawa haraji. Bawa ya amince.

Bayan hijira zuwa Gudu da yaƙin Tafkin Kwatto a 1804, da kuma asarar da jama'a suka yi a Tsuntsuwa inda mahaddata Alƙur'ani masu yawa suka yi shahada, yunwa ta matsa wa rundunar Shehu. Sai suka gangaro Zamfara a 1805, suka zauna a Sabon Gari ta ƙasar Bakura har na wasu watanni. Daga nan ne rundunar da Malam Abdullahi da Aliyu Jeɗo suka jagoranta ta tashi ta ci Birnin Kabi, abin da ya buɗe wa jama'a hanyar komawa Gwandu. Ke nan ana iya cewa a ƙasar Bakura ne jama'ar Shehu suka sami numfashi a lokacin da al'amarinsu ya yi kusan lalacewa.

Har ila yau, a Matuzgi ta ƙasar Mafara ne Malam Muhammadu Tukur ya zauna, wanda yake ɗaya daga cikin manyan almajiran Shehu, ya kuma shahara da waliyyantaka da sanin magani. Da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya shiga kafa garuruwan ribaɗi don tsaron iyakoki, Bakura ta zama mazaunin ɗan'uwansa Abubakar Atiku, wanda ya gaje shi a 1837. Gidan sarautar Sarkin Ƙayan Maradun kuwa daga Mu'alleɗi ɗan Muhammadu Bello ya samo asali. Mai karatu zai ga cewa a cikin wannan ɗan yanki kaɗai akwai zamanin wa'azi, da zamanin jihadi, da zamanin kafa daula. Wannan ita ce hajar da ake da ita, sai dai haja ce da ba a kasa ta a kasuwa ba.

ABIN DA BINCIKE YA NUNA

Tun daga shekarar 2015 kamfanin Mastercard da wani kamfani na ƙasar Singafo mai suna CrescentRating suke fitar da rahoto a kan tafiye-tafiyen Musulmi a duniya. Bisa ga ƙiyasinsu, Musulmin da suka ƙetare iyakokin ƙasashe don tafiya a shekarar 2019 sun kai miliyan 160, kafin annobar korona ta tsai da kome. Ƙasar Malesiya ce ta fi yawan zuwa ta ɗaya a wannan ma'auni, Indunusiya kuma ta yi kunnen doki da ita a wasu shekaru. Ba kuwa da ka suka sami wannan matsayi ba. Malesiya ta kafa cibiya ta musamman don wannan aiki tun a 2009.

Rahoton yana auna kowace ƙasa da abubuwa huɗu. Na farko, sauƙin isa wurin. Na biyu, sadarwa, watau yadda baƙo zai sami labarin wurin da kuma wanda zai yi masa bayani da harshen da yake ji. Na uku, yanayin wurin, wanda tsaron rai da dukiya yake cikinsa. Na huɗu, hidimar da za a yi wa baƙo in ya iso. Sa'an nan masu binciken sun kasa bukatun Musulmi matafiyi kashi uku. Akwai waɗanda ba makawa sai da su, kamar abinci na halal, da wurin salla, da makewayi mai ruwa. Akwai waɗanda samunsu ya fi rashinsu, kamar tanadin sahur da buɗa baki a watan azumi. Akwai kuma na ƙawa, kamar keɓantaccen wurin hutawa na iyali.

In aka ɗora wannan ma'auni a kan ƙasar Mafara da Bakura da Maradun, za a ga abin mamaki. Abin da ƙasashen Turai da na Gabas mai Nisa suke kashe kuɗi don su samar, watau abincin halal da masallaci da mutunta baƙo Musulmi, mu a nan kyauta Allah Ya ba mu. Jihar Zamfara ce ma ta fara ƙaddamar da shari'ar Musulunci a 1999, a zamanin Gwamna Ahmad Sani, wanda ɗan Bakura ne. Amma abin da su suka ɗauka ƙaramin abu, kamar hanya mai aminci, da makewayi mai tsabta, da allon da zai gaya wa baƙo inda ya tsaya, shi ne mu ya gagare mu. Gyaran da ake bukata ke nan ba na addini ba ne, na tsari ne da kulawa.

WANE NE BAƘON?

Ka'ida ta farko a ilmin kasuwanci ita ce ɗan kasuwa ya san mai sayen kayansa. A nan ne hukumomin yawon buɗe ido na ƙasarmu suka daɗe suna kuskure, domin da zarar an ambaci baƙo sai hankalinsu ya tafi ga Bature mai kyamara, ko Balarabe mai dala. Daga nan sai a shiga maganar gina otal mai hawa da yawa, wanda a ƙarshe jemagu ne za su kwana a ciki.

Misalan da suka yi nasara a duniyar Musulmi ba haka suke ba. A tsibirin Jawa na Indunusiya akwai kaburburan malamai tara da ake danganta yaɗuwar Musulunci a tsibirin gare su. Mutanen ƙasar ne da kansu, mazansu da matansu, suke haɗa kuɗi a masallatai da makarantu, su ɗauki hayar bas, su bi garuruwan ɗaya bayan ɗaya, daga Surabaya zuwa Gresik da Tuban da Kudus da Demak har Cirebon. Kowane mutum abin da yake kashewa kaɗan ne, amma yawansu da rashin yankewarsu shi ya raya kasuwannin da ke kewaye da wuraren. A Senegal kuwa, miliyoyin mutane ne suke taruwa a Tuba ranar 18 ga watan Safar kowace shekara, don tunawa da ranar da Faransawa suka kori Shehu Ahmadu Bamba daga ƙasar a 1895. Magidanta ne suke saukar da baƙi, su ciyar da su. Sai da taron ya yi shekaru da yawa yana bunƙasa sa'an nan gwamnati ta buɗe babbar hanyar mota ta zamani zuwa garin a 2018. Watau jama'a ne suka riga, gini ya biyo baya.

Mu ma ba baƙin ziyara ba ne. Dubban 'yan Nijeriya suna zuwa Kaulaha don Mauludi, wasu har Fas ta ƙasar Maroko. Maukibin Ƙadiriyya yana cika birnin Kano kowace shekara. Kujerun aikin Hajji da Saudiyya ta ware wa Nijeriya a 2023 sun kai 95,000, ban da masu zuwa Umra. Saboda haka masu sha'awar tafiya don addini suna nan, har da kamfanonin da suka ƙware wajen yi musu hidima. Baƙon da ya dace Mafara ta sa wa ido shi ne wanda ya riga ya ɗauko hanyar Hubbare, da ɗaliban makarantun Islamiyya da na jami'a, da ƙungiyoyin mata masu wa'azi, da 'yan'uwanmu na Maraɗi da Tawa da Ƙonni waɗanda tarihin Shehu nasu ne kamar yadda yake namu.

Dabara ta biyu ita ce kada a sayar da wuri ɗaya shi kaɗai. Ba wanda zai taso daga Kano don ya ga kufai ɗaya ya juya. Amma in aka shirya zagaye guda, wanda zai tashi daga Faru, ya bi ta Matuzgi da Sabon Gari da Bakura, ya zarce Sakkwato da Wurno inda kabarin Muhammadu Bello yake, da Ɗegel, da Sifawa, ya ƙare a Gwandu wurin Malam Abdullahi, to, an sami tafiyar kwana uku ko huɗu wadda mutum zai bi rayuwar Shehu daki-daki. Wannan yana bukatar jihohin Zamfara da Sakkwato da Kabi su haɗa kai, domin tarihin ya girmi iyakokin da aka shata musu a 1991 da 1996.

Ribar irin wannan tafiya ba a baitulmalin gwamnati za a fara ganinta ba. Alal misali, bas ɗaya ta ɗalibai in ta kwana a Mafara, mai tuwo za ta yi ciniki, haka mai shayi, da mai ƙosai, da ɗan acaɓa, da mai sayar da littattafai, da mai gidan saukar baƙi. In kuwa aka daidaita ranar isowa da Talata, ranar da kasuwar garin take ci, baƙi za su koma gida da shinkafar Bakolori da albasa da kifi.

SAƁANIN MALAMAI

Akwai wata magana da ba ta cikin rahoton Singafo, amma duk wanda ya san ƙasarmu ya san ba a tsallake ta. Malamanmu sun saɓa a kan yin tafiya takanas don ziyarar kaburburan bayin Allah. Malaman ɗariƙu suna ganin falalarta, malaman Izala kuwa suna tsoron abin da jahilai kan aikata a wurin. Duk tsarin da ya yi watsi da ɗaya ɓangaren ya rasa rabin baƙinsa tun kafin ya fara, ya kuma jawo husuma a inda ake neman albarka.

Mafita tana cikin koyarwar Shehu kansa. A cikin littattafansa ya yi gargaɗi a kan bidi'o'in da ake yi a kaburbura, kamar shafa su da ɗibar ƙasarsu. Wuraren da muka ambata kuwa mafi yawansu ba kaburbura ba ne, wuraren karatu ne da wa'azi da shawara. Saboda haka a gina tsarin a kan ilmi: a je Faru don a ji yadda aka yi wa'azi, a tuna Magami don a ji yadda malami ya ƙi zinariya ya roƙa wa talakawa sassauci. Wannan darasi ne da ba ɗan ɗariƙa ko ɗan Izala da zai ƙi ɗansa ya ji.

Haka nan tilas a yi tanadi na musamman domin mata. A nan Zamfara ne wani malami mai suna Mustafa Gwani ya soki Shehu saboda barin mata suna halartar wa'azinsa, Malam Abdullahi ya mayar masa da amsa cewa barin su cikin jahilci ya fi wannan illa. Abin kunya ne a ce bayan shekaru fiye da 200 mace ta zo ziyarar wannan wuri ta rasa inda za ta yi alwala cikin sutura.

BABU ZIYARA SAI DA AMINCI

Duk wannan bayani zai zama tatsuniya in ba a faɗi gaskiyar halin da ake ciki ba. Ranar 26 ga Fabrairu, 2021, 'yan bindiga suka kwashe ɗalibai mata 279 daga makarantar sakandaren Jangebe ta Ƙaramar Hukumar Talatar Mafara. A watan Agusta na shekarar suka shiga Kwalejin Aikin Gona ta Bakura suka tafi da ɗalibai da ma'aikata. Ranar 1 ga Satumba suka sace ɗalibai fiye da 70 a makarantar garin Ƙaya ta ƙasar Maradun. A wannan tsakanin ne aka rufe layukan wayar salula da kasuwannin mako na wani lokaci. A watan Mayu na 2022 kuma aka kashe mutane da dama a Damri da Sabon Garin Damri da Kalahe, duk a ƙasar Bakura, watau ƙasar da ta ba jama'ar Shehu mafaka a 1805.

Gwamnatin Jihar ta ƙaddamar da rundunar Askarawan Zamfara a watan Janairu na 2024 don taimaka wa sojoji da 'yan sanda, amma har yanzu matafiyi ba ya bin hanyoyin ƙauyukan nan da kwanciyar rai. Ba shugaban makarantar da zai ɗebi 'ya'yan mutane ya nufi daji da su, kuma duk jami'in da ya tallata ziyara alhali hanya ba ta da aminci ya ɗauki alhakin rayuka. Masana kasuwanci sun tabbatar da cewa sunan wuri in ya ɓaci da labari ɗaya, shekaru ake yi ana wanke shi.

To, sai a naɗe hannu ke nan har ranar da ƙura ta lafa? A'a. Akwai aikin da rashin tsaro ma shi ne dalilin gaggauta shi. Ƙauyuka suna tashi, dattawan da suka san inda masallaci ya tsaya da inda rijiya take suna rasuwa a gudun hijira, littattafan da aka gada na rubutun hannu suna lalacewa. Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Abdu Gusau tana nan a Talatar Mafara, ga Jami'ar Tarayya a Gusau, ga Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da Hukumar Tarihi ta Waziri Junaidu a Sakkwato. Waɗannan za su iya haɗa kai da fadojin sarakunan uku su ɗauki muryoyin dattawa, su ɗauki hoton littattafai, su zana taswirar wuraren, su kuma horar da samari 'yan ƙasa waɗanda za su riƙa yi wa baƙi bayani da Hausa da Larabci da Turanci da Faransanci. Ana iya buɗe ɗakin tarihi ko da guda ɗaya ne a cikin garin Mafara, a bakin babbar hanya, inda matafiyi zai ga hotuna da taswira ba tare da ya shiga daji ba. Kuɗin wannan duka bai kai na gina otal ɗaya ba.

DARASIN BAKOLORI

Mutanen wannan yanki sun taɓa ganin babban shiri da aka zo musu da shi daga sama. An gina madatsar ruwa ta Bakolori a kan Gulbin Sakkwato tsakanin 1974 da 1978, kamfanin Impresit na ƙasar Italiya ne ya yi aikin, da nufin shayar da kimanin kadada 23,000. Niyya mai kyau ce, amma an tashi dubban mutane daga gidajensu da gonakinsu, aka kuma yi ta jan ƙafa wajen biyan diyya. Da manoma suka tare hanyoyi suna neman hakkinsu, sai aka tura musu 'yan sandan kwantar da tarzoma a watan Afrilu na 1980, aka yi asarar rayuka. Gwamnati ta faɗi adadi kaɗan, masu bincike kuwa suka ce ɗaruruwa ne.

Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Duk wanda zai zo da shirin ziyara ya sani cewa in aka kewaye gonar talaka da waya aka ce wurin tarihi ne, aka ba wani ɗan kwangila daga birni ya riƙa karɓar kuɗin shiga, to, an shuka gaba maimakon arziki. Kamata ya yi kowane wuri ya kasance a hannun kwamitin mutanen garin, da liman, da mai unguwa, da wakilan mata da matasa, a kuma bayyana wa kowa abin da ya shigo da inda aka kashe shi. Wanda yake cin abinci daga baƙo shi ne zai fi kowa tsare lafiyar baƙo. Tafkin Bakolori kansa, in aminci ya samu, wuri ne da iyali za su huta bayan ziyara, amma masunta da manoman bakinsa su ne ya kamata su fara cin moriyar.

Abin lura kuma shi ne, daga 1999 zuwa 2023 waɗannan garuruwa uku kowannensu ya fitar da gwamnan Jihar Zamfara: Ahmad Sani daga Bakura, Abdul'aziz Yari daga Talatar Mafara, Bello Matawalle daga Maradun. Saboda haka yankin bai rasa manya masu faɗa a ji ba, bai kuma rasa attajirai ba. Abin da ya rage shi ne a bi aikin bisa tsari: a fara da aminci da tattara tarihi, a bi da ruwa da makewayi da masauki mai sauƙin kuɗi, a haɗa kai da maƙwabta, sa'an nan a yi shela. Kowa ya fara da shela zai tara jama'a a inda bai shirya musu ba.

Shehu da jama'arsa sun shigo ƙasar nan suna baƙi, aka saurare su a Faru, aka ba su masauki a Sabon Gari. Jikokin waɗanda suka yi wannan karamci suna nan, kuma sun cancanci a san da su. Allah Ya kawo mana zaman lafiya, Ya nuna mana ranar da ɗalibi zai taso daga Kano ko Maraɗi ya kwana a Bakura ba tare da uwarsa ta kwana tana addu'ar tsoro ba, amin.